Hanyar Gyallesu daga Bakin Gadurum

Ina aji huɗu a firamare aka tafi da Babanmu Laberiya. Soja ne, kofur a lokacin. Kafin tafiyar ya kwaso mu daga bariki, ni Safiya da ƙanwata Bilki da Umma, ya kawo mu gidan mahaifiyarsa a Tudun Wadar Zariya, ya ce mu zauna wata shida kafin ya dawo. Wata shidan nan sai da ta zama shekara biyu da ɗoriya.

Gidan ba shi da girma, ɗaki uku ne da zaure, sai gwaiba ɗaya a gefen rijiya. Kakarmu, wadda kowa a layin yake kira Inna, sana'arta suyar gyaɗa. Ba ta suya da rana, wai zafin wuta da zafin rana ba sa haɗuwa a kan tsohuwa. Sai an idar da magariba an ci tuwo take hura murhu a tsakar gida, ta ɗora kasko da yashi, ta zauna a 'yar kujerarta tana juyawa da wani tsohon murfin kwano. Ni da Bilki aikinmu murjewa da bushe ɓawo. Ladanmu kuwa gyaɗar da ta ƙone, da tatsuniya. Har yau in na ji ƙamshin gyaɗa a yashi mai zafi, sai in ji kamar za a ce mini in matso da faifai.

Da farko saƙon Baba yana zuwa. Wani lokaci wasiƙa, wani lokaci kaset, mu zagaye rakoda muna jin yana tambayar karatunmu. Daga baya sai shiru. Wata ɗaya, wata uku, wata biyar, ko takarda. Umma ta daɗe tana zaman bariki a baya, ta san yadda mugun labari yake zuwa: mota ta tsaya, mutum biyu masu kaki su yi sallama a zaure. Sai ta sa wa ranta cewa duk ranar da ta fita, ranar za su zo. Ta daina zuwa suna da biki. Ta daina zuwa Hanwa gaida iyayenta. Daga nan tsakar gidan ma ta gagare ta, sai alwala da ɗaukar abinci. Tana ɗaki, labule a sake, rediyo a kunne, in mota ta rage gudu a layinmu sai mu ji ta kashe rediyon. Ɗakin nan mu ma ya fara danne mu. Mun koyi tafiya a hankali, mun koyi dariya ba sauti.

Inna ba ta taɓa yi mata faɗa ba. Ita kanta ba ta ambatar Baba, ɗan farinta ne, ko sunansa ba ta kamawa. Abin da ta yi kawai, wata ranar damina da aka ɗauke ruwa da yamma, ta sa muka ciccibi duwatsun murhu muka mayar da su dab da ƙofar Umma. Ta ce wai wancan gefen ya jiƙe. Mun ga bai fi ko'ina jiƙewa ba, amma muka mayar.

Da yashi ya ɗauki zafi ta ce, "Ta yau ba ta nan kusa ba ce, daga bayan ruwan gishiri ta taso."

Muka ce ta ƙaraso mu ji ta.

"Babu Gizo a ciki, babu Ƙoƙi. Ta Malam ce."

Malam shi ne kakanmu, mijinta, wanda ya rasu tun ba a haife ni ba. Mun san ya je yaƙin Bama na zamanin Turawa yana saurayi, don akwai hotonsa da hular soja a ɗakinta. Bilki ta gyara zama ta ce yau za mu ji harbi. Inna ta dube ta ta ce, "Ke a zatonki yaƙi harbi ne? Malam ya ce harbin ɗan kaɗan ne. Abin da ya fi yawa zama ne, kuma zaman ya fi cin mutum."

Ba a dare ɗaya ta ba mu labarin ba. Kullum sai ta yanko kaɗan, daidai ƙarewar gyaɗar ranar. Ga yadda na riƙe shi.

Da yaƙi ya ƙare, an kwaso su daga daji an zuba su a wani sansani a ƙasar Indiya, su jira jirgin ruwan da zai kawo su gida. Aka ce mako biyu. Fili ne fetal, tantuna a jere, an kewaye shi da waya mai ƙaya. Bayan wayar akwai mutane da shanu da gonaki, amma ba mai jin harshen wani, kuma ba a fita sai da takarda. Tun duhun asuba begila take tashe su. A yi fareti. Saje ya bi layi da ƙwayar zazzaɓi, 'yar rawaya mai ɗaci, ya tsaya a kan mutum sai ya ga ya haɗiye, har idanunsu duk suka koma ruwan ɗorawa. A sha shayi. Daga nan sai aikin da aka ƙirƙiro don kada su zauna: su shafa wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa, ruwa ya wanke, gobe su sake shafawa. Su haƙa rami, a ce ba nan ba ne, su cike. Su goge bindigar da ba wanda za a harba da ita. Da rana shinkafa da naman gwangwani, da dare shinkafa da naman gwangwani. Malam ba ya cin naman don bai san wanda ya yanka ba, sai ya barbaɗa gishiri da barkono ya tura. Inna ta ce har ya koma ga Allah ba a dafa shinkafa ranar da yake gida.

Da yamma wasu su yi dara a ƙasa, wasu su yi wa juna aski, wasu su kwance jaka su sake ɗaurewa. Ran Litinin magatakarda yakan fito da takarda ya karanto lambobin waɗanda jirgi zai ɗauka. Mutum dubu su kasa kunne. Ya karanta, ya naɗe takardarsa, ya koma. Sauran su watse, kowa yana kauce wa idon ɗan'uwansa. Haka mako biyu ya zama wata huɗu.

A tantin Malam akwai wani Tanko, mutumin Gyallesu, ɗan autan gyatumarsa, kuma shi kaɗai ya rage mata. A daji ba a yi jarumi kamarsa ba. Ya taɓa goya wanda aka harba kwana biyu a cikin taɓo, yana tafe yana ba shi labarin ban dariya. Amma zaman sansani ya karya shi. Ya daina wasa, ya daina wanka sai an matsa masa. Kullum yana bin gefen waya yana shafa turakun ɗaya bayan ɗaya. Wata rana bayan la'asar ya tambayi Malam, shin gida ta wane gefe yake? Malam ya nuna masa inda suka fuskanta suka yi salla.

"A can yamma ake duba a yi salla," in ji Inna.

Muka ce haba Inna, yamma kuma?

"Sun wuce Makka, 'yan nan. Wanda ya wuce gari ai waiwaye yake yi."

Tanko ya yi lissafinsa shi kaɗai. In ya bi alƙibla zai isa Makka, daga Makka kuwa ai akwai hanyar da alhazai suke bi da ƙafa har ƙasar Hausa. Washegari aka yi fareti babu shi. Bayan kwana uku mutanen wani ƙauye suka kawo shi a keken shanu, ƙafafu a kumbure, leɓe a fashe. Aka yanke masa kwana ashirin da takwas a gadurum, wato ɗakin da soja suke kulle mai laifi. Ɗakin kwano ne sama da ƙasa, tagarsa ba ta fi tafin hannu biyu ba, da hantsi ya zama tanda.

A ciki Tanko ya ƙi abinci. Yana buga goshi a jikin kwano har a jiyo daga filin fareti. Likita ya leƙa ya ce in bai daina ba za a kai shi asibitin masu taɓin hankali, kuma kowa ya san wanda aka kai can an cire lambarsa daga takardar jirgi. Malam ya kasa barci, don shi ya ɗaga hannu ya nuna hanyar. Ya je ya roƙi saje a ba shi gadin gadurum na rana, wanda kowa yake gudu saboda zafi. Doka ita ce mai gadi ba ya magana da wanda ke ciki. Sai Malam ya juya wa ƙofar baya, bindiga a kafaɗa, ido a kan fili, yana motsa baki kamar mai lazimi.

Inna takan sauke murya a nan, ta yi irin tasa. "Tanko. Jirgin ƙasa ya tsaya. Ga mu a tashar Zariya. Ɗauko jakarka mu sauka."

Shiru. Malam bai fasa ba. Da baki ya sauka shi kaɗai, ya ratsa masu ɗaukar kaya, ya faɗi abin da ake sayarwa a bakin tasha. Washegari ya ɗora daga inda ya tsaya, ya gangara gadar Kubanni, ga mata suna wanki, ga jakuna sun sha kaya. Shiru dai, sai ƙarar goshi a kwano. A rana ta uku ya hauro Tudun Wada, ya ce bari su sha fura a gindin tsamiyar nan ta bakin hanya.

Daga cikin ɗakin wata murya a dishe ta ce, "Durumi ne."

"Tsamiya ce."

"Wallahi durumi ne! A nan aka yi mini sakiya, zan manta?"

Inna ta yi dariya har murfin kwanon ya kusa faɗa mata a wuta. "Malam ya san durumi ne. Ƙarya ɗaya ke nan da na san ya taɓa yi."

Daga ranar suka riƙa tafiya tare. Malam ya kafa sharaɗi: in ba a ci abinci ba, ba tafiya, don ƙafa ba ta ɗaukar mai yunwa. Sai ya ji ƙarar cokali a kwano sannan ya ce to, mu tashi. Kuma ba ya bari a yi sauri. Duk wanda suka sani a hanya sai an tsaya an gaisa, a tambayi iyali, a tambayi gajiya, a yi ta'aziyyar wanda ya rasu tun kafin su tafi. Maƙeri ɗaya ya ci musu yini guda. Tanko ya fara gyara masa lunguna, yana cewa ba nan ba, nan akwai kare, mu zaga ta bayan masallaci. Buga goshi ya tsaya. Likita ya sake leƙowa, ya tarar da mutum zaune yana cin shinkafa, ya tafi.

Ana cikin waɗannan darare na lura labulen Umma ya daina sauka har ƙasa. Daga baya na ga ƙafafunta a bakin ƙofa. Wata rana da muka fito da faifai, sai ga ta a kan tabarma a waje, ta jingina da bango, rediyon yana ɗaki a kashe. Inna ba ta ko dubi wajen ba. Ta dai ɗan ɗaga murya.

Saura mako guda Tanko ya fito suka isa Gyallesu, har ƙofar gidan gyatumarsa. Ga dakali, ga tulun da ake ajiye wa masu wucewa. Tanko ya ce, "Yi sallama mu shiga."

Malam ya ce a'a.

Tanko ya roƙe shi, ya haɗa shi da Allah, ya yi kuka. Ya ce kalma ɗaya kawai, ka ce ga ta nan zaune tana kaɗi. Malam ya ce, "Hanya na sani, shi ya sa na kawo ka. Abin da ke bayan ƙofar nan shekara uku rabonmu da shi, ban sani ba, kuma ba zan faɗa maka abin da ban sani ba. Mu zauna a dakali." A dakalin suka ƙare sauran kwanakin, suna kallon masu wucewa, suna gardamar ko wane ne wancan mai tafiya kamar agwagwa. Da aka buɗe Tanko ya fito da hankalinsa. Suka koma shafa wa duwatsu farar ƙasa. Sai da suka ƙara wata biyar kafin magatakarda ya kira lambarsu.

Inna ta tsame gyaɗa ta zuba a faifai. Ba ta rufe da kan ɓera yadda ta saba ba, ta ce wannan ba a yi mata ƙurunƙus, don ta faru. Sai muka ji muryar Umma, wadda muka kwana biyu ba mu ji ta a tsakar gida ba.

"Inna, da suka dawo, Tanko ya sami gyatumar tasa?"

Inna ta daɗe tana juya yashin da ba komai a cikinsa.

"Bai same ta ba. Ta rasu tun suna daji. Amma da ƙafarsa ya je kabarinta, ya san inda yake, ya san abin da yake karantawa. Ya yi aure, ya haifi 'ya'ya bakwai. Ni na yi wa matarsa wankan jego na fari."

Umma ta kifa kai a gwiwa ta fashe da kuka, irin wanda ba ta yi ba tun da saƙo ya yanke. Bilki ta tashi za ta je wurinta, Inna ta riƙe mata zane. Sai da kukan ya lafa ta ce, "Uwar Safiya, ni ba zan ce miki yana nan lafiya ba. Ban sani ba. Ni na haife shi, kuma ban sani ba. Amma taso ki karɓi juyin nan, hannuna ya gaji."

Umma ta taso ta karɓa. Ta ƙona kaskon farko ƙurmus, Inna ta ce ba komai, 'yan aiki sun samu lada. Bayan kwana biyu ta yafa mayafi ta bi Inna kasuwa sayen ɗanyar gyaɗa. Ba ta warke ba, har Baba ya dawo tana firgita da ƙarar mota. Amma ta riƙa fita.

Baba ya dawo a rame, da jaka ɗaya. Aka yi sadaka, aka yi murna. Laberiya kuwa ko sau ɗaya bai taɓa ba mu labarinta ba. In an tambaye shi sai ya ce an gode Allah. Ya yi ritaya, Inna ta rasu ina kwalejin horon malamai, na yi aure a unguwar Kongo, na fara koyarwa. Labarin Tanko ya zauna a raina a matsayin labarin dabara, yadda mai wayo ya ceci abokinsa da baki. Har na taɓa ba wa ɗalibaina shi a haka.

Bara waccan ɓarin jikin Baba na dama ya shanye. Yana kwance yanzu a ɗakin Inna, a gidan nan na Tudun Wada. Mutumin da bai taɓa yarda a ɗauko masa buta ba, sai an juya shi. Watannin farko ya juya fuska bango, ya ƙi kunu, in Umma ta matsa ya ture kofin da hannunsa mai lafiya. Wata ranar Laraba na taso daga makaranta na biya, na tarar da ita a bakin rijiya tana share ido. Na shiga na zauna a gefen katifarsa. Sai na ce, "Baba, mun fito zaure. Mu bi ta kasuwa ko ta masallaci?"

Ya juyo da fuska. Sannan ya ce, da harshensa mai nauyi, "Safiya, ba nan nake ba."

Na ce to ina yake?

Ya ce a gonar roba, can Laberiya. A hankali, kalma tana jan kalma, ya nuna mini wurin. Buhunan yashi an jera su har ƙirji. Tanti mai yoyo, mutum takwas a ciki, takalma ba sa bushewa. An datse hanya wata bakwai, ba mota, ba wasiƙa, abinci sau ɗaya a yini, shinkafa da ganyen rogo. Bayan waya akwai yara masu bindiga da ba su kai ni tsawo ba a lokacin, kuma umarni shi ne kada a fita, kada a fara harbi, a zauna. Ya ce akwai wani abokinsa da zazzaɓi ya kama, suna ji suna gani, asibiti yana nesa kaɗan amma ba hanya. A nan ya tsaya. Ranar ya sha rabin kofin kunu.

Sai a lokacin na gane na daɗe ina ba da labarin Inna a karkace. Malam ba shi da makulli. Shi ma a kulle yake, wayarsa ce kawai ta fi ta Tanko faɗi. Inna ma da take juya gyaɗa tana ba mu dariya, ɗanta ne a can, kuma ba ta da ɗakin da za ta shiga ta saki labule, don mu muna kallonta. Ba wanda ya fitar da wani a cikinsu. Abin da suka iya shi ne su matso kusa da ƙofar, su dawo gobe, su kuma ƙi faɗin abin da ba su sani ba ko da an roƙe su da kuka. Na ƙarshen nan ya fi wuya. Sau nawa bakina yake ɗauko "za ka tashi, Baba, kwanan nan", in mayar da ita, don likita bai ce haka ba.

Yanzu kusan kullum in na taso nakan biya. Ni ban san hanya a can ba, shi yake ja, ni ina bi. Wata rana mu yini a wurin masu dafa abinci, wata rana a ramin gadi, wata rana ba ya son zuwa ko'ina sai mu zauna tare kawai. Umma takan zauna a bakin ƙofa da tsintar shinkafarta, tana jin abin da ta shekara talatin ba ta tambaya ba. Ƙofar sansanin ba mu kai gare ta ba tukuna, ban kuma san ko za mu kai ba.

Jiya a bakin tankin ruwa muka tsaya, inda ake jera jarkoki tun safe, kowa ya samu rabi. Ya ce layin yau da tsawo, in riƙe masa wurinsa zai ɗan runtsa. Na ce to, Baba. Na zauna ina riƙe da shi har aka kira la'asar.